Bargon gumi na sauna: doguwar mace, ki auna kanki kafin ki tura kuɗi

Yanzu a Gombe duk mai gyaran jiki da ta ɗan samu jari sai kinga ta ajiye bargon nan na gumi, wanda ake shiga ciki a ja zif a bar kai kawai a waje, a jona shi a wuta ya yi ta ɗumama jiki har zufa ta jiƙa mutum sharkaf. Daga Tumfure zuwa Pantami zuwa Jekadafari ana haɗa shi da dilka da halawa a cikin kuɗin gyaran amarya, wasu kuma sun fara siyan nasu na gida dan basa son shiga inda wata ta gama zufa. To masu tsayi su ne suke shan wahalar zaɓe, dan yawancin masu siyarwa a Instagram da WhatsApp amsarsu ɗaya ce in kin tambaya, wai firi saiz ne Hajiya kowa yana shiga. Eh kowa yana shiga, amma ba kowa yake rufuwa ba, kuma in bai rufe ki har wuya ba zafin ta kafaɗa zai riƙa tserewa, ki kwanta kusan awa guda ƙafa tana dahuwa ƙirji yana shan iska.

Shi abun ba wani tsafi bane. Fatar roba ce a waje, leda mai hana ruwa shiga a ciki, a tsakaninsu an shimfiɗa wayoyi ko faifan kabon masu yin zafi in wuta ta bi ta cikinsu. Infirared ɗin da ake ta kira da babbar murya shi ne irin zafin da kike ji a fuska in kin zauna kusa da garwashi ba tare da kin taɓa shi ba. Yawanci rimot ɗin yana farawa daga wajen digiri 30 ya kai 70 ko 80, yana da taima da ke kashe shi da kansa bayan minti 60. Shikenan. Duk sauran surutun duwatsun jed da tomalin da gawayi da ake cewa an cusa a ciki, ƙarin nauyi ne da ƙarin kuɗi, ni dai ba dan su zan zaɓi bargo ba.

Maganar tsayi yanzu, kuma nan nakeso mu ɗan daɗe. Lambar da take jikin kwali ba ita za ta gaya miki ko zai miki ba. Yawancin barguna masu suna, irinsu HigherDOSE da MiHIGH, tsayinsu yana wajen santimita 180 ne, inci 71 kenan ko ɗan sama da haka kaɗan. Sai mace mai tsayin 178 ta gani ta tsorata tace saura 2 kacal, bazai min ba. Ba haka ake lissafin ba, ai kanki a waje yake zama. Kai da wuya suna cinye wajen santimita 25 zuwa 28 a tsayin doguwar mace, dan haka abinda zai shiga bargon daga gindin wuya ne zuwa ƙasa, ga mai 178 wajen 150 kenan. Amma kar kiyi murna tukuna, dan a tsaye aka auna tsayinki tafin ƙafa a shimfiɗe a ƙasa, in kika kwanta rigingine kika saki jiki yatsun ƙafa gaba suke miƙewa, kuma doguwar mace yawanci ƙafarta ma doguwa ce, masu sa takalmi lamba 41, 42 sun gane me nake nufi, wannan kaɗai zai ƙara miki santimita 8 zuwa 10. Sai ki ƙara wasu 10 na sakewa da ɗinkin baki da inda bargon yake tattarewa in ya hau kan ƙirji da ciki, dan jiki ba shafaffe bane, duk inda ya tashi sai ya ja bargon ya rage masa tsayi. Kinga mun kai 170. Mai 180 ya ɗauke ki, da ɗan rara.

Mai tsayin 185 kuma, gindin wuyanta yana wajen 157, ki ƙara 20 ɗin nan kin kai 177, wato a bakin gaɓa take, za ta shiga amma in ta ɗan motsa ko ta sa filo ta zame sama sai kafaɗa ta fito. Ita ce mai buƙatar na 190. A wajena iyakar tana wajen 180 zuwa 183, ƙafa shida kenan a lissafin da muka saba. Ƙasa da haka na 180 na gaskiya ya isa, sama da haka ki nemi dogon. Kuma gaskiya matan da suka kai ƙafa shida ba su da yawa, matsakaicin tsayin mace a Najeriya bai kai 160 ba, wadda ake ce wa doguwa a gidan biki a nan sau da yawa 170 ce zuwa 175, sai takalmi mai tsini da ɗaurin ɗankwali suka ƙarasa sauran. Dan haka da yawa daga cikin masu neman "na dogaye" ba shi suke buƙata ba, abinda suke buƙata kar a siyar musu da gajere da sunan daidai.

Ki daina dogaro da lissafina ma, ki ɗauki tef ɗin tela. Ki kwanta a ƙasa kan tabarma ba kan katifa ba, ki saki ƙafa yadda take so, ƙanwarki ta auna daga ramin wuya zuwa ƙarshen babban yatsa. Sannan, kuma wannan shi ne wanda kowa yake mantawa, ki ajiye hannaye a gefen jiki ta zagaya tef ɗin ta kan hannayen da ƙirji, ta sake zagayawa ta kan hannayen da ƙugu. Wanda ya fi girma a ciki ki rubuta.

Dan faɗi shi ne yake kunyata mutane fiye da tsayi. Za ki ga an rubuta 180 da 80, ko 180 da 90, ko 180 da 180. Na ƙarshen yana nufin a buɗe aka auna shi, in an ninke shi ya zama 90, wato shi da mai 180 da 90 abu ɗaya ne, kar wata ta caje ki kuɗin babba. Mai 80 zagayensa 160 ne a takarda, a aikace bai kai ba, dan kaurin bargon kansa da wajen rufewa sun ci nasu. Mace siririya doguwa, irin dirin da ake ce wa na Fulani, mai 80 bazai dame ta ba. Amma doguwa mai jiki, mai faɗin kafaɗa ko wadda Allah ya yi wa ƙugu, in awonta da hannaye ya kai 135 ko 140, a mai 80 za a ɗaure ta ne kamar alale a leda, ba ta juyi ba ta sosa hanci, kuma matsewar tana da illa ta gaske dan inda jiki ya danne bargon sosai, duwawu da kafaɗa da dunduniya, nan ne zafi yake taruwa har ya yi ja ko ya tashi. Ki bar aƙalla santimita 25 zuwa 30 tsakanin awonki da zagayen bargon. In ba ki samu haka ba ki wuce, ko da tsayinsa ya kai mita biyu.

To mu jera su kusa da juna. A kasuwa kala uku za ki tarar.

Akwai masu araha na Chaina, su ne suka cika AliExpress da 1688 da Jumia da wajen masu firi oda, su ne kuma kika fi gani a shagunan gyaran jiki, masu kalar azurfa ko ruwan hoda ko shuɗi. Nan ne tarkon yake, dan a cikinsu akwai masu 160 da 170, kuma hoto ɗaya ake amfani da shi a tallata dukkansu. Wasu kuma 180 ɗin da suka rubuta har da leɓen da ake ɗora kai a kai, wanda babu zafi a cikinsa sam, in kin cire shi jakar da jiki yake shiga ba ta wuce 155 ba ko 160. Ga mai 165 ba matsala. Ga mai 175 kafaɗa a waje. Abinda suke da shi mai kyau, da yawansu suna da shiyya biyu ko uku, wato zafin sama daban na tsakiya daban na ƙafa daban kowanne da madanninsa, kuma kuɗinsu ko kusa bai kai na masu suna ba. Sai dai shiyyoyin nan an raba su ne da jikin matsakaiciyar mace a rai, doguwa in ta shiga sai kiga shiyyar da aka yi dan ciki ta sauka a cinya, ko layin da ya raba shiyya da shiyya, wanda ba shi da zafi, ya faɗo daidai ƙugu inda take son zafin. Warin leda kuma ba a magana, sabo in ya yi zafi sai ya cika ɗaki, wani ya lafa bayan an shanya shi an kunna shi babu kowa a ciki, wani kuma har ya mutu yana yi.

Sai masu suna na 180 ɗin. Farashinsu a ƙasashen waje yana kaiwa dala 400 zuwa 700, ki lissafa da canjin yau ki ɗora kuɗin kago dan abun yana da nauyi, kilo 7 zuwa 10 ba abin mamaki bane. Shiyya ɗaya yawancinsu suke da ita, zafi iri ɗaya daga sama har ƙasa, kuma wannan ga doguwa alheri ne ba naƙasu ba, babu ruwanki da inda layi ya faɗo. Ɗinkinsu ya fi, ledar ciki ta fi laushi, wari kaɗan, kuma in sun ce 180 to 180 ɗin ne. Garantin da suke bayarwa na shekara ɗaya kam ki ɗauka babu shi, wa zai mayar da bargo daga Gombe zuwa Amurka dan rimot ya lalace.

Na uku su ne dogayen, masu wajen 190 ko ɗan sama, inci 75 zuwa 76. Heat Healer da shi ya yi suna, LifePro ma suna fitar da babban saiz ban da na daidai, kuma masana'antun Chaina suna yin 190 da 90 in an nema. Ga wadda ta kai ƙafa shida, ko wadda za su riƙa amfani da shi ita da maigida, ko mai shago da kowace irin amarya take zuwa mata, shi ne zaɓin, babu ja. Amma ga mai 172 da ta ce bari in sayi babba dan in huta, akwai abinda za ta biya: iska mai yawa a ciki, ya fi daɗewa kafin ya ɗau zafi, ya fi cin wuta, ya fi wahalar ninkewa da gogewa, kuma ragowar da ta rage a ƙasan ƙafa bai kamata a naɗe ta ciki ba yana kunne, dan wayar zafi ba ta son a ninke ta a kan kanta.

Tambaya ɗaya da za ta raba miki gaskiya da talla: daga ina zuwa ina zafin yake. Tsayin bargo daban, tsayin wajen da yake zafi daban. Wasu santimita 15 zuwa 20 na ƙarshe ta wajen ƙafa fanko ne, ta wajen kafaɗa ma haka. Gajeriya ba za ta taɓa sani ba dan jikinta duk yana tsakiya. Doguwa kuwa ƙafarta a fankon take sauka, sai ta fito tana cewa bargon baya aiki, ga shi a hunturu ƙafar ce ma ta fi son ɗumin. Ki ce wa mai siyarwa ta shimfiɗa shi ta ɗora tef ta miki bidiyo, ta nuna daga bakin wuya zuwa ƙarshen jakar ƙafa, sannan ta kunna shi minti goma ta shafa ta gaya miki inda zafi ya tsaya. Wadda kayan yake hannunta za ta yi. Wadda ta fara kawo uzuri to hoton ma ɗaukowa ta yi. Ki duba ƙasan kuma, akwai mai shafaffen ƙasa kamar ambulan, akwai wanda aka yi masa ɗan akwati yadda yatsu za su tsaya sama ba tare da an danne su ba. Mai babbar ƙafa na biyun ya fi mata nesa ba kusa ba.

Zif ko belkuro, wato mannen nan mai ƙara irin na takalmin yara. Mai zif girmansa ɗaya ne, in ya miki ya miki, in bai miki ba babu dabara, kuma zif in ana tilasta shi a kan ƙugu shi yake fara mutuwa. Amfaninsa yana rufewa ruf kuma kina iya ja da kanki daga ciki, musamman wanda zif ɗin yake sauka har ƙasa ta gefe, dan doguwar ƙafa shigar da ita ta ƙaramar kafa aiki ne. Mai belkuro yana ba ki damar sassautawa ko matsewa, ya fi dacewa da shago ko gidan da 'yan uwa da yawa za su yi amfani da shi, amma yana cin faɗi wajen ɗora leɓe kan leɓe, yana kama zare da gashi da ƙurar hunturu, bayan wani lokaci ya daina kamawa sosai, ga shi rufe shi ke kaɗai daga ciki sai an sha fama. Ni a gida mai zif, a shago mai belkuro.

Masu hannu kuma, waɗanda aka yi wa kafa biyu ko hannun riga dan ki fito da hannu ki danna waya. Gaskiya suna da daɗi, minti 40 hannu a ɗaure ba wasa bane, kuma suna rage matsalar faɗi tunda hannaye sun fita daga lissafi. Amma ga doguwa akwai sharaɗi: kafar hannun ita take yanke inda kafaɗarki za ta tsaya, bazaki iya zamewa sama ko ƙasa ba, dan haka awon da za ki nema daga kafar hannu ne zuwa ƙasa, ba tsayin bargon duka ba. Masu hannun riga kuma hannun gajere ne kusan kullum. In za ki ɗauki mai hannu ki ɗauki mai kafa da zif kawai, wadda in kin ga dama ki rufe.

Wasu za su ce to me zai hana a sayi tantin tururi kawai, wanda ake zama kan 'yar kujera a ciki kai a waje, tukunyar lantarki tana turo tururi ta tiyo. Ya fi araha, ya fi kusa da siracen da muka sani, kina iya zuba ganye ko kayan ƙamshi a tukunyar, kuma fata tana laushi sosai kafin dilka. Amma in tsayi ne matsalarki to nan ya fi muni, tantin bai fi mita ɗaya da 'yan kai ba, gwiwa tana tokare gaba, baya a tanƙware, wuya yana goga bakin zif. Tukunyar kuma tana jan wat 800 zuwa 1000, ta fi bargo ci. Akwai dogon tanti da ake shiga har kai, shi yana ɗaukar doguwa amma kitso da gyaran gashi sun tashi aiki. Akwai kuma mai rumfa, wanda ake kwanciya a jawo murfi biyu masu shiga cikin juna, shi tsayinsa ana ja ana ragewa kuma baya taɓa jiki, a wajen dacewa da tsayi babu kamarsa, sai dai kuɗinsa da girmansa na mai babban shago ne ba na ɗakin aure ba.

Yanzu wuta, dan wannan tana kashe bargo tun kafin a zo maganar ko ya kai ƙafa. Wutarmu 230 ce, ta Amurka 120. In Anti ko Yaya ta aiko miki daga Amurka ko kika yi oda a Amazon na can, kika jona kai tsaye da adafta, rimot ɗin zai ƙone nan take, adafta baki kawai take canzawa ba ƙarfin wuta ba. Sai da tiransifoma mai rage wuta, kuma ba 'yar ƙarama ta cajin aska ba, mai wat 1000. Mafi sauƙi ki nemi wanda aka yi dan Ingila, wutarsu ɗaya da tamu, filoginsu ma mai baki uku ne irin namu. Na Chaina 220 ne yana yi, amma ki faɗa musu tun wajen oda dan suna yin na 110 ma saboda kasuwar Amurka. Ki karanta jikin rimot ɗin da idonki kafin ki jona.

Cin wutarsa bai kai yadda ake tsoro ba. Yawanci wat 350 zuwa 600 ne, bai kai ayan ɗin guga ba. Mai wat 500 in kika ɗumama shi minti 10 kika kwanta minti 45, bai cika rabin yunit ba, ko a layin wuta mai tsada na Band A kike inda yunit ya haura naira 200 tun 2024, abin wajen naira ɗari ne. Matsalar ba mita bace, samun wutar ne a tsaye. In ta zo rabi-rabi bargon bazai kai zafinsa ba, in tana hawa tana sauka rimot yake wahala, dan haka sitabilaiza ba ado bace. Ƙaramin janareta irin na shago mai wat 650 zai ja ƙaramin bargo in babu komai a kai, dogon mai 600 kuma kin kai shi maƙura. A inbata da rana tsaka lokacin da sola take bugawa babu laifi, da daddare kuma zama ɗaya zai sha kaso mai tsoka na batir ɗaya mai 200Ah, a kwana ana rigimar fanka. Kuma a soket ɗin bango za ki jona, ba ekstenshan ɗin nan mai siririyar waya ba.

Abinda za ki sa a ciki ma tsayi ya shafe shi. Ba a shiga da fata tsirara, ana sa riga mai dogon hannu da dogon wando na auduga da safa, ko a sa zanin tawul da ake siyarwa tare da shi. To doguwa ta san halin wandon kanti, a ƙauri yake tsayawa, sai idon sawu ya zauna kan leda mai digiri 65, dan haka safa doguwa. Tawul ɗin da suke haɗowa da shi ma sau da yawa ya fi bargon gajarta. Ki sayi manyan tawul biyu a babbar kasuwa ki ba tela ya haɗa miki su jaka daidai awonki, ya fi arha kuma kina wankewa bayan kowane shiga. Kar ki shafa mai ko humra ko kurkum ki shiga, suna cin ledar suna barin tabo, mayukan bilicin kuma da zafi ba sa shiri ko kaɗan. Amarya ta yi bargo kafin lalle ba bayansa ba.

Batun rage ƙiba, tunda shi ne rabin dalilin siyan. In kin hau sikeli bayan kin fito za ki ga rabin kilo ko fiye ya tafi, ruwa ne, kina sha ya dawo. Tumbi baya narkewa da zufa. Fitar da dattin jiki kuma aikin hanta da ƙoda ne. Binciken da ake yawan jinginawa da shi wajen tallata amfanin sauna ga lafiya, na ƙasar Finlan da ya fito a 2015, an yi shi ne kan maza 2,315 masu shiga ɗakin sauna na katako mai zafin kusan digiri 80, aka bi su wajen shekara ashirin, ba mata bane kuma ba bargo bane. Abinda bargon yake yi da gaske, yana sakin jijiya da gajiya, ciwon baya da na ƙugu yana lafawa na ɗan lokaci, barci yana daɗi, fata tana laushi. In dan wannan kike so kuɗinki bai faɗi ba.

Akwai waɗanda ko kyauta aka ba su kar su shiga sai likita ya yarda. Mai juna biyu ko wadda take zargin akwai, sam. Mai sikila sam, dan rashin ruwa a jiki yana tada ciwon. Mai ciwon zuciya ko ƙoda, mai shan maganin hawan jini musamman mai sa fitsari, wadda awon jininta yake yin ƙasa har jiri ya ɗebe ta, mai ciwon suga da ƙafarta ta fara mutuwa ba ta jin zafi sosai, ita za ta ƙone ba ta sani ba. Masu jego kuma dan Allah a bar su, na ga an fara cewa wai ya maye gurbin wankan jego. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka rubuta yawan ciwon zuciya da ke kama mata bayan haihuwa a ƙasar Hausa, suka zargi wankan tafasasshen ruwa da kwanciya kan gado mai wuta a ƙasa da kunun kanwa, binciken baya ya ƙaro wasu dalilan irin hawan jini da ƙarancin abinci mai gina jiki, amma dai zuciyar mai jego ba wadda za a ƙara wa nauyi bace. Da azumi a baki ba a shiga. A watan Maris da Afrilu da garin nan yake taɓa digiri 40 ma ni ban ga dalili ba, abun na hunturu ne da damina. Mai lafiya ta fara da digiri 45 zuwa 50 na minti 15 ko 20, ruwa a kusa, a sha kafin a shiga a sha bayan an fito, wani yana gida, kuma ba a barci a ciki ko da taima.

In ni ce ke: ƙasa da 170, kowanne na 180 ya yi, faɗi kawai za ki duba. Daga 170 zuwa 180, na 180 da 90 mai shiyya ɗaya mai zif har ƙasa, wanda kika ga awonsa a bidiyo ba leɓen kai a ciki. Na araha mai 80 sai in ke siririya ce kuma kin ga tef a kansa. Daga ƙafa shida zuwa sama, ko doguwa mai jiki sosai, 190 da 90, in bai samu ba gara ki haƙura ki jira da ki sayi wanda za ki riƙa lanƙwasa gwiwa a ciki, dan gwiwa in ta tashi tana danne ledar sama ta kuma buɗe bakin wuya, kin haɗa ƙuna da asarar zafi.

Ranar da aka kira ki daga tasha cewa saƙo ya iso, kar ki tura cikon kuɗi tukuna. Ki kai gida ki shimfiɗa shi a ƙasa ki auna da tef ɗinki, ki karanta lambar wutar, ki ja zif sama da ƙasa, ki kunna shi babu kowa a ciki na minti 15 taga a buɗe, ki bi shi da tafin hannu daga wuya har ƙafa ki ji ko akwai inda ya yi sanyi ko inda ya fi ko'ina zafi. Wajen ajiya kuma a bar shi ya huce, a goge da tsumma mai ɗan ruwan sabulu, ya bushe, sannan a naɗe shi sako-sako ba a karya shi gida huɗu a ɗora akwati a kai ba, wayoyin ciki a wajen karin suke tsinkewa, kuma a sa shi inda ɓera bazai kai ba.